Tambaya da Amsa: Ina Ruwan Mai Jinya da Bincike?

Wasiƙun da suka iso shafinmu a wannan karo sun karkata ne ga karatun jinya da binciken ilimi a cikinsa, kuma yawancinsu daga Sakkwato da kewayenta suka fito. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati da ke yankin Gwadabawa, kuma na daɗe a bakin aiki. Duk taron bitar da aka kira mu sai an maimaita mana cewa dole aikinmu ya dogara da bincike. A ganina bincike aikin likitoci ne da malaman jami'a, mu namu allura da ba da magani da kula da majinyaci. Wani dare ni kaɗai ce a ɗakin mata. Ina ruwana da bincike, kuma a ina zan ga lokacinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kukanki na ƙarancin hannu gaskiya ne, kuma babu mai adalcin da zai nemi wadda ke tsaye ita kaɗai a kan gadaje masu yawa ta zauna rubuta maƙala. Sai dai ina so ki dubi abin da hannunki ke yi kullum, domin mafi yawansa bincike ne ya kawo shi gare ki, ko da ba a faɗa miki ba.

Ɗauki cibiyar jariri. Iyayenmu sun saba gasa ta da tsumma mai zafi, wasu su shafa toka ko man shanu, na baya-bayan nan kuma har da man goge baki, a asibiti kuwa an daɗe ana amfani da sifirit. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙauyukan Nepal da Bangladesh da Pakistan su ne suka nuna cewa shafa maganin kiloheksidin a cibiya, musamman tun ranar haihuwa, yana rage ruɓewarta da mutuwar jarirai a wuraren da mata suka fi haihuwa a gida. A 2013 Jihar Sakkwato ta riga sauran jihohin ƙasar nan fara raba wannan magani a cikin al'umma, tare da ƙwayar misoforostol mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Haka allurar maganeziyam salfet da kike yi wa mai ciki idan jininta ya hau ana tsoron jijjiga: babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2002, wanda ya ƙunshi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjigar da fiye da rabi. Ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa fata da fata kuwa, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, a wani asibitin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi wa kaɗan, wato matsala irin tamu ce ta haife shi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. Tambayar da aka ɗora shi a kai kowace ungozoma ta san ta: yaya za a gane cewa jinin da mai jego ke zubarwa ya wuce kima tun kafin ta galabaita? An saba kimantawa da ido, ido kuwa yana yaudara, domin zani da katifa suna shanye jini. Sai aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni a jiki, da zarar jinin ya kai mililita 500 a haɗa mata matakan ceto gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba: a murza mahaifa, a ba da allurar oksitosin mai tsuke mahaifa da maganin taraneksamik mai rage zubar jini, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa, a kira na gaba idan abin ya ƙi. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko shiga tiyata ko mutuwa, ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Wa ya shimfiɗa ledar, wa ya karanta ma'aunin, wa ya rubuta lambar da ƙarfe uku na dare? Ungozomomi ne da nas-nas irinki. Da sun rubuta abin da suka ga dama, da duk farfesoshin nan ba su da abin bugawa.

Ba kuma likitoci kaɗai ke ƙirƙiro tambayar ba. Ma'aunin Braden da ake gane majinyacin da ke cikin haɗarin gyambon kwanciya da shi, ma'aikatan jinya biyu ne 'yan Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fito da shi a 1987. Florence Nightingale ma, wadda muke tunawa da ita kowace 12 ga Mayu, ba fitilar da ake zana ta da ita ce ta canza asibitocin sojan Ingila ba. Ƙididdigarta ce, wadda ta nuna cewa a yaƙin Kirimiya cututtukan ƙazanta da cunkoso sun kashe sojoji fiye da raunukan fagen daga. Mu a nan ma ba baƙi ba ne ga rubuta abin da aka lura da shi game da cuta, tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da ciwon ido da basur.

Saboda haka abin da nake nema gare ki bai kai rubuta littafi ba. Na farko, rajistar ɗakinki ta faɗi gaskiya: idan ba ki auna zafin jiki ba, ki bar gurbin fayau, kada ki cike shi da 37 domin shugabar ɗaki za ta zagayo. Bayan haka ki riƙe tambaya ɗaya da ke damunki, ki bi ta wata uku da biro da littafi. Oksitosin, alal misali, ana so a ajiye shi a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin garinmu yana haura 40, wutar lantarki kuma kin san halinta. Sau nawa firjin ɗakinku ke mutuwa a mako, kuma sau nawa kika yi allurar mahaifa ta ƙi tsukewa? Idan kin tara wannan a rubuce, kika ajiye shi a gaban shugaban asibiti, maganarki ta tashi daga ƙorafi ta koma hujja, kuma hujja ce ake iya kai wa ma'aikatar lafiya.

Tambaya: Malama, ni uba ne daga Runjin Sambo. 'Yata ta gama sakandare, tana son aikin jinya. Wasu sun ce in kai ta kwalejin jinya domin a can ake koyon aiki da hannu, masu digiri kuwa sai Turanci da ƙyamar majinyaci. Wasu kuma sun ce zamanin kwaleji ya wuce. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa yarinya albarka, ya kuma saka maka da ka tsaya tambaya kafin ka biya kuɗin fom. Dukkan hanyoyin biyu suna kaiwa ga rajista da Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, kuma ba wanda zai taɓa majinyaci da sunan nas sai ya ci jarrabawarta ya karɓi lasisi. Dukkansu kuma suna neman kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu.

Tsohon tsarin makarantar jinya shekara uku ne. Yanzu ana ta mayar da makarantun kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara biyu-biyu, ana shiga ta jarrabawar JAMB, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, kuma tana sa ido tare da Majalisar. Digirin jinya na jami'a shekara biyar ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digirin jinya a ƙasar nan a 1965, kuma a yau Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da sashen, ga asibitin koyarwarta a cikin gari, ba sai ka tura 'yarka nesa ba.

Maganar cewa digiri ado ne kawai, bincike bai goyi bayanta ba. Linda Aiken da abokan aikinta sun duba bayanan majinyata fiye da 400,000 da aka yi wa tiyata a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, suka buga sakamakon a 2014. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta yana tafe da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwa cikin kwana 30, kuma duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na masu digiri a cikin ma'aikatan jinyar asibiti yana tafe da raguwar kashi 7. Lura da cewa Turai ce, inda ba a aika dangin majinyaci sayen safar hannu da sirinji, saboda haka ba zan ɗauko lambar in liƙa wa asibitocinmu ba. Amma dalilin da ke bayanta yana aiki ko'ina: nas ce ke tare da majinyaci dare da rana, ita ce ke fara ganin numfashi ya sauya ko fitsari ya ragu, kuma gwargwadon zurfin karatunta gwargwadon saurin gane ma'anar abin da ta gani.

Su ma masu sukar ba su rasa abin kamawa ba. Akwai ɗalibin jami'ar da yajin aiki da cunkoson aji suka cinye masa kwanakin da ya kamata ya yi a ɗakin majinyata, ya fito da haddar ka'idoji amma hannunsa na rawa wajen neman jijiya. Wannan gazawar horo ce, kuma ana samun kishiyarta a kwaleji, wato mai hannu da sauri wadda ba ta iya faɗa maka dalilin abin da take yi ba. Ra'ayina shi ne, idan makinta ya kai kuma kana da halin ɗaukar shekarun, ta nufi jami'a, domin digirin farko shi ne hanya mafi miƙewa zuwa digiri na biyu da na uku da koyarwa. Idan bai kai ba, kwaleji ba faɗuwa ba ce, tun da nas mai rajista tana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ko ta yi digirin a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana aikinta.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne makarantun da ke tsirowa a gidajen haya. Kafin ka biya ko kwabo, ka tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda Majalisar ta amince da su, ka kuma tambayi adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka, domin wanda aka ɗauka bayan an cike adadin ba ya samun lambar rajistar ɗalibi, wanda ba shi da lambar kuwa ba ya zama jarrabawa, ko ya shekara nawa yana sa farin kaya.

Tambaya: Malama, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina rubuta furojet a kan yadda iyaye mata ke kula da bakin yaransu. Abokaina sun ce wahalar banza nake yi, su a ɗaki suka cike takardun tambayoyinsu, wasu ma saye suka yi. An kuma ce sai na nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, alhali tambaya kawai zan yi, ba allura ba. Matan ma yawancinsu ba su karanta boko. Ina mafita?

Amsa: Ɗana, ka zaɓi batu mai kyau ƙwarai. Sakkwato ce ke da Asibitin Yara na Noma, wanda aka buɗe a 1999 domin noma, wato cutar nan mai cin baki da fuskar ƙananan yara, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan fafutukar da Najeriya ta jagoranta. Cutar tana farawa ne da kumburin dasashi a jikin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, kuma a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna iya tsayar da ita. Abin da uwa ta sani game da dasashin ɗanta, da wanda take fara kai wa kuka, mai kemis ne ko wanzami ko asibiti, tambaya ce da amsarta za ta iya ceton fuskar yaro.

Wanda ya zauna a ɗaki ya cike takarda ɗari biyu da hannunsa ya ƙaga wa mutum ɗari biyu maganar da ba su faɗa ba, kuma sunan wannan ƙarya, ko an yi mata bango mai kyau. Ɓarnar ba ta tsaya a maki ba. Na bayansa zai ɗauko aikin a ɗakin karatu ya kafa hujja da shi, shi kuma ya saba wa hannunsa rubuta abin da bai gani ba, hannun da gobe zai riƙe takardar awon jinin mai naƙuda. Mata sittin da ka zauna da su da gaske sun fi ɗari huɗu na ƙage, muddin ka bayyana yadda ka zaɓe su da iyakar abin da za a iya fahimta daga adadinsu.

Game da izini, ka tuna Kano a 1996. A tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, aka shekara da shekaru ana shari'a kafin a sasanta. Rashin yardar da abin ya bari yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. A yau akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya da kundin ƙa'idojinsa, akwai kuma kwamitoci a asibitin koyarwa da ma'aikatar lafiya ta jiha. Kada ka ce tambaya ba ta rauni. Matar da ka tambaya abin da take ciyar da ɗanta, ka tambaye ta talaucin gidanta ne da sirrin mijinta, kuma idan tana jiran ganin likita ta gan ka da farin kaya, za ta ɗauka ƙin amsawa zai hana a duba yaron. Wajibinka ne ka faɗa mata a sarari cewa tana iya ƙi, tana iya tashi a tsakiya, kuma ba abin da zai ragu daga kulawar da za a ba ta.

Rashin boko ba cikas ba ne. Ka mayar da takardar Hausa, ka ba wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, ka gwada biyun ka ga inda ma'ana ta kauce, sannan ka jarraba ta a kan mata kaɗan kafin ka fita, domin Hausar littafi dabam, Hausar da matar Wurno ko Silame ke kiran ciwo da ita dabam. Idan Bafulatana ce da ba ta sake da Hausa ba, ka nemi mai fassara. Ka karanta mata bayanin yarda da baki a gaban shaidar da ba ya cikin aikinka, ta dangwala yatsa, wadda ta iya ajami kuma ta sa hannu da shi. A garuruwanmu ladabi ne ka fara gaida hakimi ko mai unguwa, kuma sau da yawa mace za ta so a sanar da maigidanta. Ka yi hakan, amma izinin maigida ba ya zama madadin yardarta ita kanta. Zai fi maka sauƙi ka tafi da abokiyar karatunka mace, domin akwai gidan da ba za ka wuce zaure ba. Kada ka rubuta suna a takarda, ka sa lamba, kuma kada hoton fuskar ɗan kowa ya shiga wayarka balle ya kai WhatsApp.

Ina da ƙorafi guda a kan malamanku, ba a kanku ba. Ɗakunan karatunmu sun cika da furojet masu auna "sani da ra'ayi da aiki", kowace shekara a sauya sunan unguwa a maimaita, a ƙare da shawarar cewa gwamnati ta wayar da kan jama'a. Idan mai duba aikinka ya yarda, ka ƙara mataki ɗaya: ka koya wa matan yadda ake ɗaga leɓen yaro a duba dasashi, ka koma bayan makonni ka ga nawa suka riƙe. Idan ka gama, ka kai wa asibitin da ka yi aikin kwafi, ka tsaya ka yi musu bayani.

Tambaya: Malama, ni ungozoma ce a cikin garin Sakkwato. Ina son karanta sababbin bincike, ina ma sha'awar buga nawa, amma mujallun kuɗi suke nema. Na kuma ga wasu a intanet da suka ce za su buga mini cikin mako guda idan na biya.

Amsa: 'Yar'uwa, na mako gudan nan ki guje su. Mujallar kirki tana tura aiki ga masana su tantance, su dawo da gyara, abin yana ɗaukar watanni, kuma kwamitocin ƙarin girma sun fara gane masu karɓar kuɗi su buga komai. Domin karatu, PubMed, rumbun maƙalun lafiya na intanet, kyauta ne kuma maƙalu da yawa a cikinsa a buɗe suke, African Journals Online yana tattara mujallun nahiyarmu, ɗakin karatu na Cochrane yana taƙaita abin da gwaje-gwaje da yawa suka haɗu a kai, jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ana sauke su ba da ko sisi ba. Ki tambayi mai kula da ɗakin karatun asibitinku ko makarantarku game da shirin Hinari, wanda ke buɗe wa cibiyoyin da suka yi rajista mujallu masu tsada.

Lasisinki ana sabunta shi lokaci-lokaci, kuma sai da shaidar kwas ɗin ƙarin ilimi na dole da Majalisar ta shimfiɗa, saboda haka ki zaɓi wanda ya shafi ɗakin haihuwa, ki kuma zauna a ajin har a tashi. Game da bugawa, aikin farko ya fi sauƙi idan an haɗa hannu: ke kina da rajistar haihuwa da sanin abin da ke faruwa a ɗaki, malamin sashen jinya ko na lafiyar al'umma a jami'a yana da sanin ƙididdiga da hanyar neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Ku nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ku buɗe rajistar, ku kuma rubuta yarjejeniya tun ranar farko a kan sunan wa zai zo farko a maƙalar.